Bindigar da Aka Auna da Kaftani

Surukina ya yi shekaru yana gyaran injuna a ma'aikatar ayyuka, da ya yi ritaya sai ya koma gidansa a unguwar Wambai a Suleja ya shiga ƙera bindiga. Ba don sayarwa ba. Guda ɗaya yake yi a shekara, irin tamu ta gida mai ɗurin baki, ya kai a yi mata rajista, sannan ya ba wanda ya ga dama. A shekarun da gwamnati ta tare a Abuja, kowa a Suleja yana raba zaurensa biyu yana zuba 'yan haya, shi kuwa nasa ya cika shi da magagari da gizago da guntayen katakon maɗaci waɗanda ba wanda ya isa ya sa a murhu.

Ba ƙarfen ne abin alfaharinsa ba, ƙotar ce. Yakan ce bindiga kamar takalmi take, kowa da ƙafarsa. Sai ya auna hannun mutum da kafaɗarsa, ya ɗan karkatar da ƙotar yadda da zarar kunci ya kwanta a kanta, ido zai faɗa kan saiti da kansa. Dokarsa ɗaya ce: ba mai harba bindiga sai mai ita.

Ni malamin makaranta ne, Labarin Ƙasa nake koyarwa a wajen Bagama, kuma in ban da sauro ban taɓa kashe komai ba. 'Yar farinsa nake aure, wadda ko sunanta ba ya faɗa, to balle ni. Shekara shida in na je gaisuwa ina durƙushe a bakin zaure, kaina a ƙasa. Na san yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Fuskarsa kuwa sai daga nesa.

A shekara ta shidan ne saƙo ya zo cewa bindigar bana tawa ce. Sai dai awo yana bukatar ya riƙe mini hannu, ya matso da fuskarsa kusa da tawa, abin da ni da shi ba mai iyawa. Ya yi dabara, ya aika wa maiɗakina cewa ta ba da kaftanina. Ta zaɓi na Sallah.

Kaftani ya faɗi tsawon hannu, ya faɗi faɗin kafaɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne idona na dama, wanda ƙyanda ta taɓa tun ina yaro, ba ya ganin komai sai hazo. Da na hagu nake karatu, da shi nake duba takardun ɗalibai. Maiɗakina ta sani, amma ba ta taɓa jin cewa bindiga tana da ruwa da wane ido ba.

Ranar gwaji Asabar ce da hantsi, a gonarsa da ke fuskantar Dutsen Zuma. Mu uku ne, da amininsa, wani tsohon ɗan sanda mutumin Filato da yake kira Saje. Suka rataye murfin tukunya a jikin ɗorawa. Surukina ya miƙo mini bindigar da hannu biyu, tana ƙamshin man kaɗe, na ɗora ta a kafaɗar dama yadda ya nuna. Kunci ya kwanta daidai, ido ya faɗa kan saiti daidai, sai dai idon da ya faɗa ɗin ba ya gani. Na leƙa da na hagu, na ja kunama. Sau uku, murfin tukunya ko motsi bai yi ba.

Saje ya ce, "Ticha, kai ko Zuma aka rataya maka, lafiya lau zai kwana."

Na yi dariya. Surukina bai yi ba. Ya karɓi bindigar ya goge ta da bakin rigarsa, ya daɗe yana duban ƙotar.

Bayan mako biyu maiɗakina ta dawo daga gida ta ce Baba ya tattara kayan aikinsa a buhu, zai ba wani maƙeri a unguwar Hashimi. Wai idonsa ya mutu, hannunsa ya fara yi masa ƙarya, tunda har ya karkatar da ƙota ba daidai ba, kuma ba zai jira a fara faɗa a gari ba. Ta ce ya daina zama a zaure, sai cikin gida, yana sa wa mahaifiyarta ido a kan yawan gishiri.

Ni da nake tsayawa gaban aji ina yi wa 'ya'yan mutane huɗuba a kan faɗin gaskiya, kwana biyar na yi ina bitar jimla ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko na je. Yana bakin zaure, buhun yana gefensa a ɗaure, Saje yana kan benci yana roƙonsa ya haƙura. Na durƙusa, na gaishe su, na gaishe su kuma, har gaisuwa ta ƙare.

Na ce, "Baba, bindiga ba ta da laifi. Idona ne na dama ba ya gani."

Surukina ya tambaya tun yaushe, na ce tun ina ɗan shekara biyar.

"Da wannan idon aka ɗaura maka aure ke nan?"

"Da shi ne, Baba."

"Ɗago kanka, Malam, in gan ka."

Na ɗago. Ya kama haɓata ya juya ni wajen haske, kamar mai cinikin rago. Ranar na san yana da tabo a gira, na kuma san idanun maiɗakina a wurinsa ta ɗauko su. Saje ya ce su a garinsu ranar farko ake duba suruki tun daga kai har ƙafa, ba sai an ɓata albarushi ba. Surukina ya ce shi ya sa surukansu suke kama da su, ba mai ladabi ko ɗaya.

Ya kwance buhun a nan take, ya zazzage kayan a kan tabarma, ya ɗauko igiyar awo. Ya sa na miƙe tsaye na ɗaga hannun hagu. Yana aunawa yana faɗa ƙasa-ƙasa, cewa malami guda mai satifiket, ya bar tsoho yana sassaƙa wa makahon ido ƙota wata huɗu.

Wata huɗun ya sake yi, ya fitar da ƙota mai karkata ta ɗaya gefen. Muka koma gindin ɗorawa. Harbin farko ya wuce, ya ce iska ce. Na biyu ya huda murfin a gefe, Saje ya cire hula ya yi mini saluti.

Tsohuwar ƙotar kuwa, washegari ya aiko da ita gidana a naɗe cikin takarda, ya ce a ba kaftani kayansa.