Gwaggo a Bakin Tabki

Ni na saya wa Baba salula mai hoto, don haka duk abin da ta jawo, a kaina yake ƙarewa. Ina koyarwa a lakkol a Mayahi, shi yana ƙauye da shanunsa. Na saka shi gurup ɗin 'yan garinmu, inda kowa ke jefa abin da ya ga dama. Na Agadas ya turo gaisuwa, na Kano ya turo wa'azi, mata su sanar da suna, wani kuma tari kawai zai yi ya aiko. Baba bai yi boko ba, amma saƙon murya ba ya wuce shi. Mutumin da ya ce abin na 'yan zaman banza ne, sai ga shi kullum bisa jigawa, hannu sama, yana neman rezo don waya ta kama.

Bazarar da ta biyo bayan hawan sojoji mulki, ruwa ya ƙi zuwa. Dusa ta yi tsada tun da aka rufe iyaka, shanun Baba duk sun rame, wata saniyar sai an kama wutsiya ake tada ta. Wata Juma'a na je gida na tarar ana ɗaura wa jaki kaya. Wai an turo bidiyo, ruwa ya sauka a garin Isawan, tabki ya cika, ciyawa ta fito. Gobe shi da maƙwabta za su kora shanu can. Tafiyar kwana biyu ce cikin rairayi, kuma na san in suka isa babu ruwa, ko ɗaya ba za ta dawo ba.

Na ce a kira wani a can, aka kira, ba ta shiga. Na ce to a jira. Baba ya ce shi da idonsa ya gani, ni kuwa boko ya sa har ruwan Allah nake musu da shi. Raina ya ɓaci, na fizge salular daga hannunsa, abin da ban taɓa yi ba. Na kalla, na sake kallo. A karo na huɗu, can gefen tabkin, wata mata ta gifta da ƙwarya a ka, tana jan ƙafar hagu. Na tsayar da hoton, na ware shi da yatsu biyu.

"Baba, wace ce wannan?"

Ya daɗe yana kallo. Gwaggo ce, ƙanwarsa da ta yi aure a Isawan, wadda muka je gaisuwar rasuwarta tun da kaka.

"Ashe tsohon ruwa ne," in ji shi. Ya ce a sauke jakin.

Da kansa ya hau jigawa ya yi saƙon murya, ya ce kada kowa ya motsa. Kafin la'asar maganar ta kai rugage, har waɗanda suka kama hanya suka juyo. Wanda ya turo bidiyon ya ba da haƙuri, wai shi ma turo masa aka yi. Bayan kwana goma sha ɗaya ruwa ya sauka a garinmu, shanun Baba suka tsira kaf, har mai wutsiyar. Wallahi na yi fankama, sai da na ishi kowa da labarin.

Daga baya na ce ya kawo in goge masa bidiyon ƙaryar nan. Ya hana. Ya ce ba shi da wani hoton Gwaggo sai shi, in dai nuna masa yadda ake ware yatsun.