Hannun Mai Kitso

Yayata ba nas ba ce, amma duk layinmu Gwaggon Asibiti ake ce mata. Aikinta shiga gida-gida tana yi wa mata bayanin tazarar haihuwa, da jakarta mai hoton jariri da takalmin da ya sha faci. Haihuwarta ta ƙarshe saura ƙiris ta tafi, tun daga nan in ta ga mace ga goyo ga ciki sai hankalinta ya tashi. Baki gare ta kamar rediyo, kuma mata sun yarda da ita don ba ta taɓa yi musu ƙarya ba.

Ita ta kai mai kitsonmu asibiti aka sa mata ashana, siririn abin nan da ake turawa ƙarƙashin fatar damtse. Mai kitso da kanta ta nema, yaranta kansu ɗaya kamar 'yan tsaki. Yaya ta dafa ƙirji ta ce mata, "Ranar da kika gaji, ki zo a cire."

Sai jini ya ɓalle mata. Wata ya bi wata, ta rame, tana cikin kitso jiri ya ɗebe ta. Ta koma asibiti aka ce jikinta ne bai saba ba. Ta sake komawa aka ce mai cirewa ta tafi kwas. Daga baya kuma aka ce kayan aikin suna kulle, makulli yana hannun Babbar Nas. Amma fa in sawa kika zo, kafin ki gama gyara zama an gama. Abin da ke ba ni haushi ke nan. A wurinsu macen da aka sa wa ci gaba ce, wadda aka cire wa kuwa asara, kuma da wannan ake auna ƙoƙarin asibiti.

Wata safiya na raka Yaya gidan. Muka tarar da mai kitso zaune a ƙofar banɗaki, reza a ƙasa, damtsen hagu sharkaf da jini.

"Me kika yi wa kanki?" in ji Yaya.

"Ina jin sa da yatsa, Gwaggo, amma ya ƙi fitowa."

Yaya ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure wurin. Na goyi jaririnta, muka tari mai babur.

Ashe ranar baƙi ce, masu ba asibitin tallafin magani za su zo duba aiki. An share harabar asibitin, an jera mata a benci, an kunna fankar da na ɗauka ta mutu tuntuni. Babbar Nas ta tare mu a bakin ƙofa, ta ga ɗaurin, fuskarta ta canza.

"Yau kika ga dama? Zaunar da ita a baya, ta ja mayafi. In sun tafi a duba."

"Ranki ya daɗe, jini take zubarwa."

"Gwaggo, in suka rubuta mana faɗuwa, maganin shekara mai zuwa fa? Ke za ki sayo mana?"

Ba muguwa ba ce, ita ma tsoron baƙin take ji. Yaya, mai bakin nan, ta kai mu bencin baya. Ta zauna kusa da mai kitso tana danne ciwon ta ƙarƙashin mayafi, jinin yana bin tsakanin yatsunta. Ni kuwa zuciyata tafasa take.

Wata daga cikin baƙin ta shigo da fara'a, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙura wa bakinta ido, ina jira ta tambaya ko akwai mai so a cire mata.

"Masu amfani da tsarin yanzu haka, ku ɗaga hannu."

Hannuwa suka tashi. Yaya ta raɗa, "Zauna abinki, 'yata."

"Ai yana jikina, Gwaggo. In ce babu?"

Hannunta na dama yana tallafe da kanta don jiri, sai ta zame na hagun daga riƙon Yaya ta ɗaga shi iya inda ya iya kaiwa. Baƙuwar ta biyo layi da biro tana ƙirgawa, ta iso kanta, ta ƙirga, ta wuce. Aka yi tafi.