Lasifika, Mutumin da Ya Ƙi Rabuwa da Muryarsa

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a shekarar 1961 a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo, mahaifinsa tela, mahaifiyarsa ungozoma. Tun yana firamare abokai suka laƙaba masa Lasifika, domin ko raɗa ya yi sai ajin da ke kusa ya ji, kuma sunan ya bi shi har kabari.

Aiki da iyali

A 1983 ya kama aiki a gidan rediyo, a 1987 kuma ya auri wata ma'aikaciyar jinya. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan ɗaki mai bangon soso, gaban makirufo, yana karanta alkawuran 'yan takara. Gwamnatoci suka zo suka shuɗe, alkawuran na nan yadda suke, kwanan wata kawai ake sauyawa.

Komawa karatu

A 2011, furfura ta riga ta game masa kai, ya shiga jami'a neman digiri na biyu a fannin sadarwar siyasa, gemu dai ba ya hana ilimi. 'Yan ajinsu, sa'annin 'ya'yansa, suna ce masa Baba, suna aron bironsa ba sa mayarwa. Tambaya ɗaya ya gina kundinsa a kai: me ke sa talaka ya sake yarda da alkawarin da ya riga ya ga an saɓa?

Rashin lafiya

A 2013 muryarsa ta dishe. Likitoci suka gano ciwon daji a maƙogwaronsa, suka ce a yi tiyata nan take, amma zai rasa magana har abada. Ƙa'idar jami'a kuwa ita ce ɗalibi ya kare kundinsa da bakinsa a gaban malamai. Matarsa, wadda ta san abin da jinkiri ke haifarwa, ta roƙe shi da hawaye ya haƙura da digirin.

"Uwar yara," in ji shi, "tsawon rayuwata maganar wasu nake faɗa. Ki bar ni in faɗi tawa sau ɗaya."

Sau biyu aka ɗage zaman kare kundin saboda mai jarrabawa na waje bai samu zuwa ba. Ranar da aka zauna, sai da malamai suka jawo kujerunsu kusa da bakinsa kafin su ji Lasifika. Ya ci jarrabawa da yabo, amma da ya koma asibiti, likitoci suka ce ciwon ya wuce tiyata.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a farkon 2014, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babbar malamar makaranta ce, na tsakiya makanike, sai autan da ya je ya karɓo takardar digirin. Gidan rediyon da ya yi wa hidima ya sanar da rasuwarsa a jimla biyu, tsakanin tallan ɗan takara da tallan abokin hamayyarsa.