Katangar da Tat Tare Hanyar Makara

Ku matso ku ba ni kunnenku, ku masu sayen fili bayan gari. Wallahi abin ga ni yas samu, shekarun baya, lokacin da Konni tat fara cinye gonakin hanyar Tsarnawa.

Masu awo sunka zo sunka kakkafa duwatsu, sunka yayyanka gonaki, ba su tambayi tsoho ko guda ba. Layuka sunka fito, amma wanga bai gamuwa da wancan, sai ka yi ta tafiya ka ishe katanga gabanka, ka komo.

Ɗana Hamidu ya gina muna gida ƙarshen wani layi. Katangarmu da tat toshe layin ta tsage daga sama har ƙasa. Maginin, Illo, ya gyara, tas sake tsagewa, wuri guda, har sau ukku. Hamidu ya ce, "Inna, mutumin ga satar siminti shikai, shina cika muna yashi." Ni ma haka niz zata, Allah shi gafarta mini, don na taɓa ganin shi da buhun simintin Malbaza bisa babur. Magana tab bazu cikin unguwa, kowa ya bar ba Illo aiki.

Wata rana bayan azahar ina tsince wake ƙofar gida, sai ga wata tsohuwa da farin zane, ba takalmi. Nic ce, "Baiwar Allah, layin ga bai ɓullewa, koma ki zagaya." Tac ce, "Ta nan anka bi da ni, ta nan nis sani." Na ɗauke ta mai leƙen gidaje, sai nik kafa mata ido har ta kai gindin tsagar. Na duƙa in aje faifai, na ɗaga kai, ba kowa. Sawunta na nan bisa rairayi, ya ƙare ga katanga. Nis shiga ciki, ga sawun ya ci gaba tsakar gidanmu.

Daga baya tsohon da yan nome wurin yag gaya muna ta nan aka bi da makara zuwa tsohuwar maƙabarta.

Hamidu ya ce bai yarda ba, amma ya rushe katangar ya ja ta gefe, ya bar lungun da mutum huɗu ka iya wucewa da kaya ga kafaɗa. Ba ta sake tsagewa ba. Illo ya bar garin da sunan ɓarawo kafin mu ba shi haƙuri, har yau ba mu ji inda shike ba. Kafin ku aza bulo, ku nemi mai gonar ku tambaya. Ni dai ban sharar lungun nan da safe, don ban son in ga ko an bi.