Wa Ya San Shi?

A zauren gidanmu na unguwar Abbaganaram akwai tabarma da randa tun zamanin mahaifina. Ƙa'idarsa ita ce baƙo ya sha ruwa, ya ci, ya kwana, kafin a tambaye shi daga ina yake. Ni ma na ci wannan arziki a garuruwan mutane lokacin da nake fataucin ƙiraga. A Omdurman wani mai sayar da gawayi ya bar mini gadonsa ina fama da zazzaɓi. A Agege na daɗe ina kwana a shagon wani tela da ko yaren juna ba ma ji. Shi ya sa abin da aka yi a ƙofar gidana a shekarun tashin bama-bamai har yau bai kwanta mini a rai ba.

Jikana ne ya karye, aka kwantar da shi a ɗakin yara na wani asibiti, surukata tana jinyarsa. Dokar ɗakin, mace ɗaya ga yaro ɗaya. Sauran dangi suna waje a gindin dalbejiya, nan suke girki, nan suke kwana a kan kwali. A nan na san wani masunci daga bakin tafki wanda aka ƙone garinsu. 'Yarsa tana ciki da sanƙarau, uwarta na tare da ita. Kowace safiya matar takan leƙo ta taga, shi kuma ya ɗaga mata kwanon kunun da ya dama a kan duwatsu. In ta gan shi sai ta koma ta zauna. Ba ta taɓa shiga birni ba, ganinsa kaɗai ke riƙe da ita a ɗakin nan.

Sai bam ya tashi a kasuwa, aka ce daga ranar ba mai sake kwana a harabar asibiti. Da la'asar aka kore su da tukwanensu, ba wanda ya ce ga inda za su nufa. Na ce wa masuncin ya biyo ni. Na shimfiɗa masa tabarmar mahaifina.

Washegari bayan sallar asuba maƙwabcina, wanda muka tsufa a sahu ɗaya, ya tsaya a ƙofa da Bulama, mai unguwarmu.

Maƙwabcin ya ce, "Alhaji, mun ji ka yi babban baƙo."

"Ƙarami ne. Ko jaka ba shi da ita."

"Wa ya san shi?"

"Ni."

"Tun yaushe? Tun shekaranjiya a gindin bishiya?"

Bulama ya ce, "Alhaji, ba ni na kafa dokar saukar baƙo ba. Ya kawo wanda zai tsaya masa daga garinsu, shi ke nan."

Na ce, "Garinsu toka ne, Bulama. In ɗebo maka a buhu?"

Maƙwabcin ya ce, "Kai ka ci zamaninka. Mu muna da yara a gida."

Na san tsoronsa, bam ne ya kashe ƙanensa a bakin kasuwa. Amma na roƙe su abu ɗaya: ga Keke Napep, mu je asibitin su ga yarinyar da idonsu. Ba wanda ya ɗaga ƙafa. Masuncin ya naɗe tabarmar da kansa ya jingine ta. Ya ce, "Baba, kada su ɓata da kai saboda ni. Ka dai gaya wa matata ina nan." Aka kai shi sansanin 'yan gudun hijira a bayan gari, inda shiga ke da sauƙi, fita sai da izini.

Na je na tsaya a gindin dalbejiyar da kwanon kunu. Matarsa ta leƙo, ta gan ni, wani tsoho, a inda mijinta ke tsayawa, ta ja da baya. Na aiki surukata ta yi mata bayani da Kanuri. Matar ta saurara, sannan ta ce haka aka gaya wa yayarta ranar da aka tafi da mijin yayar, wai yana nan, gobe zai dawo. Na yi ta zirga-zirga neman a bar shi ya fito ko na yini ɗaya ne, kowa yana tura ni wurin wani.

Wata safiya aka wayi gari gadon yarinyar ba kowa. Uwar ta cire mata ƙarin ruwa, ta goya ta, ta fita neman mijinta a garin da ba ta san gabas ba. Sai bayan azahar muka same ta a Kasuwar Kwastam tana tambayar masu kifi, don su kaɗai ta ga sun yi kama da mutanen gida. Muka mayar da yarinyar asibiti. Ba ta kai washegari ba.

Ba su da inda za a yi mata wanka, na kawo ta gidana. Kafin matan gidana su gama wankan, labari ya zaga unguwa. Maƙwabcin nan ne ya kawo likkafani, sabon yadi fari. Bulama da kansa ya hau mota ya je sansanin, kuma izinin da na kasa samu ya same shi kafin shayi ya huce. Aka yi sahu a ƙofar gidana har ya toshe layi. Uban yana tsakiya, kafaɗarsa na gogar ta maƙwabcina. Ba wanda ya tambayi wa ya san shi.

Da muka dawo daga maƙabarta maƙwabcin ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, sai haƙuri. Kwana ya ƙare."

Na ce, "Kwana kam na Allah ne. Wurin kwana ne ya roƙa a hannunmu."

Ya saki hannuna. Ran nan akussan abinci suka yi ta shigowa daga gidajen layin, masuncin bai taɓa ko ɗaya ba. Na warware tabarmar na sake shimfiɗa masa, ya zauna a bakinta yana kallon ƙofa. Ya kwana a zauren har aka yi sadakar uku, ba wanda ya sake zuwa ya ce ya tashi.