Tatsuniyar da Habboba Ta Yi da Rana Tsaka

Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a cikin yashi mai zafi, zama ba ya yi mini, sai na tashi na yi ta zagaye. A unguwar Mayo na girma, a hannun kakata da muke kira Habboba. Bayan magariba takan hura gawayi ta soya gyaɗar da za ta sayar gobe, mu jikoki mu kewaye ta. Hannu na juya yashi, baki na tatsuniya. Da rana kuwa ko kuka ka yi ba za ta yi ba, don ta yarda mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. "Rufa mini asiri, Maigida," takan ce da ni, "so kake amaryarka ta ɓace a hanya?"

Ta ƙarshe da na ji a bakin wutar nan ta wani yaro ce da ya bi zabuwa cikin kogon kuka, kuka ta rufe da shi. Aka kawo gatari, ya karye. Nan gyaɗa ta soyu, Habboba ta ce sai gobe.

Goben nan, ina da shekara goma sha huɗu, rigima ta tashi a kasuwar Suk al-Arabi inda nake goge takalma. Na jefi wani da dutse, jini ya zuba. Aka kai ni gidan gyaran yara can ƙetaren kogi, bayan garin Umdurman.

Ziyara da rana tsaka ake yi. Sau biyu tsohuwar nan tana ƙetare kogi, sau biyu ina ƙin fitowa. Kunya ce, wallahi, an yi mini aski ƙwalƙwal, ga kayan gidan a jikina. Na uku mai gadi ya jawo ni da hannu. Na tsaya bayan shingen waya, kaina a ƙasa. Ta gaishe ni, shiru. Ta tsokane ni, shiru. Sai na ji ta gyara murya, rana na dukan kanta, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Na ɗago na ce, "Habboba, rana ce fa!"

"Na gani, ba makauniya ba ce ni. Amsa mini, ya walad, kai yaro."

Da ƙyar na ce ta zo mu ji ta. Ta ce kakar yaron ce ta zo gindin kukar tana kiran sunansa. In ya yi shiru, kuka ta ƙara matsewa. In ya amsa, ta buɗe faɗin yatsa ɗaya. Haka kullum, har ƙofa ta isa mutum.

Daga baya na ji cewa ran nan ta hau motar da ba tata ba a Suk al-Arabi, sai bayan isha aka dawo da ita gida. Wai tana dariya tana cewa magabata ba su yi ƙarya ba.

Ba ta sake zuwa ba. Wata biyu kafin a sake ni ta rasu. Na daɗe ina jin haushin kaina a kan ziyara biyun nan, har yanzu ma ina ji. Sai da na manyanta na gane ba tsoron ɓata ta daina ba. Ta san ba za ta kai magaribar da zan dawo ba, ta kuma ƙi tafiya ta bar ni a cikin kuka.