Da sunan innata malamata ta san ni

Shekarun baya can, ina sabuwar zuwa Jidda, na yi aikatau a gidan wata Baturiya 'yar ƙasar Norway, malama a wata makarantar 'ya'yan baƙi. Ni kuwa Umara na zo na maƙale. Da iƙamar innata, ƙanwar mahaifiyata, wato takardarta ta izinin zama, na samu aikin, don muna kama a hoto. Tun a Mahjar, unguwar da na sauka, aka ja mini kunne cewa sunan da ke jikin takardar shi ne nawa, ko a mafarki kada in faɗi wani.

Wata rana ta rubuta mini jerin cefane, sai ta ga na riƙe takardar a juye ina ta gyaɗa kai kamar wata alƙaliya. Ba ta yi dariya ba, ni ce na yi don kunya. Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta ce in ajiye tsintsiya, yalla, mu zauna a teburin kicin. Larabcinta a karye, nawa ya fi nata karyewa, haka muka lallaɓa. Abin da ta fara koya mini rubutawa sunana ne, wato na inna. Na cika shafi uku da shi, tana tafa mini.

Shekara biyu muka yi. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, sai in tuna masu kamen marasa takarda, in haɗiye.

Da za ta koma gida ta miƙo mini biro. "Rubuta sunanki da inda zan same ki. Ba na so karatunki ya tsaya nan." Na rubuta sunan inna da lambarta. Ba a yi wata uku ba inna ta koma Kano gaba ɗaya, layin ya mutu, halas, shi ke nan.

Bara ɗiyata ta nuna mini malamar a waya, gashi ya yi fari fat, tana jawabi a majalisar ƙasarsu, wai ita ce jagorar 'yan jam'iyyarta a can. Wallahi ranar ko abinci na kasa ci don kewa. Mun aika saƙo, shiru. Ban ga laifin kowa ba, saƙo nawa ke zuwa ofishin irinsu daga wanda ba a sani ba?

Yau ni ke karanta wa maƙwabtana takardun asibiti. Ba taimakon da ya wuce ni ne ke damuna ba. So nake, ko sau ɗaya, in ji matar da ta koya mini riƙe biro ta kira ni da sunan da babana ya raɗa mini.